Mun ɗaukar wa mahaifiyarmu mai jinya, ba mu yar da ita ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan gigin tsufa, da kuma surutun da ke bin duk wanda ya ɗauko wata mata ya biya ta don ta zauna da mahaifiyarsa. Makon jiya a wurin ɗaurin aure wani dattijo da nake ganin girmansa ya riƙe mini hannu ya ce, "Malam, ashe ku shida kun rasa mai riƙe tsohuwa, sai bare?" Ban tanka masa a cikin jama'a ba, don ya isa ya haife ni. Amma maganar ta kwana tana cina, kuma na san ba shi kaɗai ke da wannan tunanin ba.

Ni malamin sakandare ne a Zariya, shekara 24 ke nan ina riƙe da alli. Mahaifiyarmu, da muke kira Inna, ta haura shekara 80. Sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, kuma ita ce uwar adashin matan layinmu a cikin birni fiye da shekara 30. Ba ta taɓa riƙe biro ba, amma mata 20 na zubi ta san wadda ta kawo, ta san wadda ta ce sai Laraba, ta san wadda kwasa ta zo kanta, duk da ka. Ranar da ta ba mace ɗaya kwasa sau biyu a jere, ta kuma rantse ba ta taɓa ba ta ba, a ranar ya kamata mu farga. Sai muka haɗa kuɗin a tsakaninmu muka biya, muka ce tsufa ne.

Daga nan abubuwa suka yi ta biyo juna. Ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone ƙurmus. Ta yi azahar, ta sallame, ta tashi ta sake alwala ta yi wata azahar. Ta ci tuwo ta ƙoshi, baƙuwa na shigowa ta ce tun jiya ba a ba ta komai ba. Mu kuma muka shiga neman magani ta inda muka saba: rubutu, hayaƙi, ruƙiyya har sau uku. Ba na raina addu'a, har gobe muna yi mata. Amma shekara biyu muka yi muna korar aljanin da babu shi, hawan jininta kuwa ba wanda ya taɓa aunawa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne raɗe-raɗin da ya fara tashi a unguwa. Don tana magana ita kaɗai da daddare, tana kiran sunayen mutanen da suka daɗe da rasuwa, sai wata ta hana 'ya'yanta shiga gidanmu. Matar da ta yi wa rabin unguwa wankan jego, ita ce aka fara yi wa kallon mayya.

Da abin ya yi yawa na ɗauko ta na kawo ta gidana a Samaru, ina ganin na yi abin da ɗan halak ke yi. A masallaci aka yi ta sa mini albarka. Abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin, ni ƙarfe bakwai na fice, sai bayan la'asar nake dawowa. Mai wanke zanen fitsari, mai bin Inna da kwanon abinci, mai shan zagi, maiɗakina ce, ga goyo a baya ga yara huɗu 'yan makaranta. Inna ta ce ta sace mata 'yan kunnen da ta sayo a Makka, ta faɗa a gaban baƙi. Bayan kwana tara aka same su a gwangwanin madara ƙarƙashin katifar Inna. Ba wanda ya je ya gaya wa baƙin nan an gan su. Maiɗakina ta rame, ta daina dariya, kuma kunyar surukuta ta hana ta buɗe baki ta ce ta gaji.

Ita ma Inna zaman bai karɓe ta ba. Ba ta gane ƙofar bayi, masai na zama kuwa ba ta san abin da ake yi da shi ba. Tayil ya kusa kayar da ita sau biyu. Kullum da la'asar sakaliya sai ta ƙulle kayanta a ɗankwali ta tsaya bakin ƙofa tana cewa a mai da ita gida, Malam zai dawo bai tarar da ita ba. Malam, wato mahaifinmu, ya rasu tun 2009. Mu kuma sai mu ce, "Inna, ai Baba ya rasu." Sai ta ɗora hannu a ka ta fashe da kuka kamar yanzu aka aiko mata. Gobe ma haka. Allah kaɗai ya san sau nawa muka yi mata sabuwar ta'aziyyar mijinta da bakinmu.

Akwai daren da ba zan manta ba. Kwana uku ban yi barcin kirki ba, ga jarrabawa ana yi a makaranta. Wajen ƙarfe biyu ta tashi tana buga ƙofa. Na fito na daka mata tsawa, na ce don Allah ta bar mu mu yi barci. Ta ja da baya ta rakuɓe jikin bango, ta ce, "Yi haƙuri, bawan Allah." Ba ta ma san wanda ya yi mata tsawar ba. Ni da nake karanta wa ɗalibai ayar nan ta Suratul Isra'i da ta hana a ce wa iyaye ko da "uf", ni ne na yi haka. Na koma ɗaki na zauna har aka kira assalatu.

Bayan sati biyu mai ga-ruwa ya bar ƙofar gida a buɗe, ta fice. Lokacin hunturu ne. Awa huɗu muna nema, an yi cigiya a masallatai. Wajen Palladan aka same ta, ba takalmi, wani mai shayi ya kore yaran da ke bin ta ya zaunar da ita a benci ya haɗa mata shayi. Allah ya saka masa da alheri duk inda yake. Birni ta nufa, gidanta take nema.

Wannan ne ya kai mu Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Aka yi mata tambayoyi, aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa. A nan na fara jin cewa abin da muke kira gigin tsufa ciwo ne mai suna, dimenshiya, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne ke lalacewa a hankali. Mafi yawansa, kashi 60 zuwa 70 cikin 100, irin wanda ake kira Alzheimer ne, sunan likitan Jamus da ya fara bayyana shi a 1906. Akwai kuma wanda hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ke jawowa idan ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa suka toshe, kuma na Inna da hannun wannan a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun haura miliyan 55, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma sama da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita irin tamu. Ciwon da muke ɗauka na Turawa ne, ashe a gidajenmu ya fi yawa, suna kawai muka sauya masa.

Likitan bai yi mana rufa-rufa ba. Ya ce ba a warkewa. Magungunan da ake da su suna ɗan sassauta alamun ga wasu na wani lokaci. Ya ce duk da haka a riƙa kawo tsoho da wuri, don akwai ruɗewar da matsalar maƙoƙo ko ƙarancin wani sinadari a jini ke kawowa, ita kuwa ana maganinta. Ya hana mu ƙwayar barcin da muke sayowa a kemis, ya ce tana ƙara ruɗewa tana jawo faɗuwa. Sai ya tambaye ni shekara nawa ta yi a tsohon gidanta. Na ce sun fi 60. Ya ce mai wannan ciwon sabon abu ba ya zama a kansa, tsohon ne ke daɗewa. Ƙafarta ta san hanyar randa da bayin gidanta ko da kanta ya manta. Na raba ta da ɗan abin da ya rage mata ina ganin gata nake mata.

Da ƙaramar salla muka zauna mu shida. Kowa ya yarda a mai da ita ɗakinta, tunda iyalan ƙanin mahaifinmu suna ɗaya sashen, gidan ba kango ba ne. Amma su ma tsofaffi ne, kuma Inna na bukatar wanda zai kwana da ita ya tashi da ita. 'Yan'uwana mata biyu suna aure, ɗaya a Kaduna ɗaya a Funtuwa. Ƙaramar ta ce za ta baro gidanta ta dawo, muka ce ba za a kashe aure don a yi jinya ba, Inna da hankalinta ba za ta taɓa yarda ba. Wani ya ce a samo yarinya daga ƙauye. A nan na tsaya kai da fata. 'Yar shekara 12 ko 13 da ya kamata tana aji, ita za a bar wa tsohuwar da ke tashi ƙarfe biyun dare, ta ɗaga ta, ta wanke ta, ta jure zaginta? Zalunci ne a kan yarinyar, ganganci ne a kan tsohuwar, kuma gidaje da yawa haka suke yi suna cewa sun samo mai taya ta zama.

Matar limamin unguwa ce ta haɗa mu da wadda muke kira Goggo. Daga wajen Giwa take, mijinta ya rasu, ta ba 50 baya, 'ya'yanta sun yi aure. Ta yi jinyar uwar mijinta shekara bakwai da irin wannan ciwon, ba ta san sunansa na asibiti ba amma ta san halinsa ciki da bai. Ta shimfiɗa katifarta a ɗakin Inna, daga bakin ƙofa. Yau shekara biyu da wata huɗu.

Abin da na koya a wurin matar nan ban koye shi a jami'a ba. Ranar farko da Inna ta tambayi Malam, na buɗe baki zan yi abin da na saba, sai Goggo ta riga ni. Ta ce, "Bai shigo ba, Yaya. Wai wace miya ya fi so ne?" Inna ta gyara zama ta shiga ba da labarin miyar kuka da man shanu, da yadda yake ƙin a sa masa daddawa da yawa, har ta yi dariya. Da muka fito zaure na ce, Goggo, ba ƙarya muka yi mata ba? Ta ce, "Malam, ya shigo?" Na ce a'a. Ta ce to. Tun daga ranar ba a sake kukan mutuwar Baba a gidan ba. "Yaya" take ce mata saboda Inna ta ɗauka ƙanwarta ce da ta rasu tun muna yara, da sunan take kiranta, ita kuma tana amsawa.

Ba ta gardama da ita ko kaɗan. In ta ce an sace mata kuɗi, sai ta ce mu duba tare, kuma ta riga ta san maɓoya ukun da take sa su. Wanka sai hantsi ya ɗaga, da ruwan ɗumi, ta rufa mata zane don tsohuwa ko ta manta sunanta ba ta manta kunya ba. Ta lura Inna na faɗa da wata mata a madubi, ta kife madubin. Ta ce a fitar da tukunyar gas daga sashen, a mai da sakatar ƙofar waje can sama, a rataya 'yar ƙararrawa jikin ƙyaure, a bar fitila mai caji a kunne har safe. Ta ɗinke takarda mai lambar wayata a cikin leda a gefen kowane hijabinta. La'asar kuwa, lokacin da hankalin Inna ya fi tashi, kafin ta fara ƙulle kaya Goggo ta ajiye mata faifai da gyaɗa. Hannun da ya yi shekara 50 yana ɓarar gyaɗa bai manta ba. Tana ɓara, rediyo na gefe, har a kira magariba. Wani lokaci zogale take tsinkewa ko ta tsince wake. Salla kuwa tare suke yi, in ta yi raka'a biyu ta sallame ba mai ce mata ta sake, don malamin da muka tambaya ya ce wanda hankalinsa ya gushe an ɗauke masa alƙalami. Abin mamaki, ba ta san ranar da ake ciki ba, amma ka ja mata farkon Yasin za ta bi ka.

Da damina bara Inna ta rikice cikin kwana biyu, ta daina cin abinci, tana ganin mutane a bango. Mu muka ce ciwon ne ya ci gaba. Goggo ta ce a'a, wannan daban ne, fitsarinta ya sauya wari kuma tana yamutsa fuska in tana yi. Aka gwada, ciwon mafitsara ne. Aka ba ta magani, cikin sati ta dawo yadda take. Wanda ke leƙowa sau ɗaya a mako ba zai taɓa gane wannan ba, sai wanda ya kwana ya tashi da mutum.

Sai dai ina so in ja kunnen masu niyyar yin irin namu, domin mu ma mun kusa ɓata abin da hannunmu. Inna ta taɓa cewa Goggo ta ɗauke mata dubu biyar, wani ɗan'uwana da ya zo daga Abuja ya hau kai ya zauna, har ya nemi a buɗe jakarta. Goggo ba ta ce komai ba, ta ɗaga matashin kai ta zaro kuɗin, sannan ta shiga haɗa kayanta. Sai da liman ya sa baki, ɗan'uwan nawa ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Daga nan muka rubuta yarjejeniya a gaban liman: albashinta ranar ɗaya ga wata ba sai ta tambaya ba, ci da sha da sabulu da maganinta in ta yi ciwo a kanmu, kowace Juma'a tata ce, kuma duk bayan wata biyu tana tafiya gida ta yi mako, 'yan'uwana mata su karɓe ta bi da bi. Da gwamnatin tarayya ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, na ce mu ma mu kai can. An yi gardama, an ce ai ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Na ce wane ma'aikaci ne ake tasa ƙarfe biyun dare ya sauya zanen gado? Mun kai. Ga kuɗin famfas na manya da maganin hawan jini, duk a kan mutum shida, kowa gwargwadon ƙarfinsa. Ba sauƙi. Ni na bar adashin makaranta saboda shi.

Kuma ba a miƙa tsoho a juya baya. Ina zuwa kullum bayan la'asar, wani lokaci da safe ba sanarwa. Matan gidan suna duba jikinta. Ba don muna zargin Goggo ba. Wanda ba ya iya faɗin abin da aka yi masa dole a zame masa ido, kuma ita kanta mai jinyar in ta ga 'ya'ya sun ɗauke ƙafa zuciyarta na mutuwa. In uba ne ke ciwon, namiji mai hankali za a nema masa, ka'idar duk ɗaya ce.

Ga dattijon da ya riƙe mini hannu, da girmamawa nake cewa: lokacin da Inna ke gidana kuna sa mini albarka, a lokacin ne na daka mata tsawa, kuma 'yar mutane ce ke ɗauke da kayan. Yanzu da ake cewa na ba bare, ina zuwa da barcina a ido cikakke, in yanke mata farce, in shafa mata man zafi a gwiwa, in saurari labari ɗaya sau biyar ban ƙosa ba. Allah da kansa ya faɗa a Suratun Nahli cewa a cikinmu akwai wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ya umarce mu da kyautata musu, ban kuwa ji malamin da ya ce neman mai taimako da biyan sa hakkinsa ya fita daga kyautatawa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Maiɗakina ma yanzu da kanta take dafa farfesu ranar Asabar ta kai mata.

Na san gidaje da yawa ba su da mutum shida masu albashi. Akwai matar da na sani ita kaɗai ke riƙe da mahaifinta, in za ta fita talla sai ta kulle shi a ɗaki, tana kuka tana kullewa. Irin waɗannan nake so kwamitocin zakka da na masallatai su tuna da su. Albashin mai jinya na wata uku sadaka ce da ta kai ta buhun shinkafa. Akwai Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ta fara aiki a 2021, akwai kwalejojin kiwon lafiya irin ta Maƙarfi. Ina ma a shirya ɗan gajeren horo da Hausa ga mata irin Goggo, a koya musu ɗaga mara lafiya ba tare da sun ji wa bayansu ciwo ba, da kare gyambon kwanciya, da alamun da ke cewa a garzaya asibiti, a ba su shaida, a san inda za a same su. Zawarawa da yawa za su samu sana'a mai mutunci. Limamai kuma su taimaka da huɗuba ko sau ɗaya, musamman wajen 21 ga Satumba da duniya ta ware wa wannan ciwo, su gaya wa jama'a tsohuwar da ke magana ita kaɗai mara lafiya ce, a daina jifan ta da maita.

Ni ne ɗan fari, don haka tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. Ciwon ya cire mata wannan kunyar. Jiya ina zaune gabanta tana ɓarar gyaɗa, ta ɗago ta dube ni ta ambaci sunana ɓaro-ɓaro, ta ce ko na gan shi a hanya, tun safe ya tafi makarantar allo bai ci komai ba. Goggo ta ce, "Ya dawo, Yaya, an zuba masa." Ta ce to a ƙara masa ƙuli, yana so. Ta ɗebi gyaɗa cikin tafin hannu ta miƙo mini, ta ce in kai masa.

Na gode da ba ni fili.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Samaru, Zariya.